Ba Yawan Soso Ne Ke Sa Sirdin Mashin Daɗin Zama Ba

Duk matashin da ya taɓa rubuta "gyaran sit ɗin mashin" a YouTube ko TikTok ya san irin abin da ke fitowa. Wani a Indonesiya ko Indiya zai ciro sirdi, ya yage ledar, ya sassaƙa soso da wuƙa, ya manna sabo, ya ja sabuwar leda mai ɗinkin lu'u-lu'u, duk cikin daƙiƙa arba'in da kiɗa a baya. Abin yana da kyan kallo, kuma ya fara shiga hannun samarin Gusau, daga Tudun Wada zuwa Samaru. Sha'awar ba laifi ba ce. Gyara sirdin mashin a gida aiki ne da ya dace, mai arha, kuma mai amfani ga wanda ke wuni a kan babur. Matsalar ita ce mafi yawan masu yin sa suna gyara abin da bai lalace ba, suna barin wanda ke cinye musu ƙugu.

A Zamfara mashin ya wuce kayan ado. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 mutane da dama suka jingine mota suka koma kan ƙafa biyu. Ɗan kabu-kabu a Gusau yana iya shafe wuni guda yana zagaye tsakanin kasuwa da tasha da asibiti. Malamin makaranta yana tasowa daga Bungudu, tafiyar kimanin kilomita 20, ya koma da yamma. Mai zuwa Tsafe ta Kwatarkwashi da 'Yandoto yana da fiye da kilomita 40 a gabansa, ban da wanda zai sauka daga kwalta ya bi burji zuwa ƙauye. Ga irin waɗannan mutane, sirdi shi ne kujerar ofis. Wanda ya zauna sa'a takwas a kan kujerar da ba ta dace da jikinsa ba zai biya kuɗin a kemis, cikin maganin ciwon jiki da man shafawa, wasu ma har abin ya ja su zuwa ƙwayoyin da ba likita ne ya rubuta ba.

Kuskuren farko, kuma mafi yawa, shi ne ɗaukar taushi a matsayin daɗi. Mutum ya ji sirdinsa yana damunsa, sai ya yanko guntun tsohuwar katifa ya ɗora a kai, ya rufe da leda ko ya ɗaure da roba. Minti goma na farko kamar a falo yake. Kafin ya kai Kwatarkwashi soson ya lotse gaba ɗaya, ƙasusuwan mazaunansa sun tarar da farantin da ke ƙasa, kuma abin da ya rage na soson ya taru a tsakiya yana danna wurin da bai kamata a danna ba. An yi soson katifa ne don mutum ya kwanta, nauyinsa ya bazu daga kafaɗa zuwa dunduniya. A kan mashin kusan duk nauyin nan yana sauka ne a wurin da bai fi tafin hannu biyu ba.

Lissafin mai sauƙi ne. A ce kilo 60 na nauyin mutum ne ke kan sirdi. Idan wurin da ke ɗauke da shi murabba'in santimita 200 ne, kowane murabba'i yana ɗaukar giram 300. Idan aka faɗaɗa wurin ya kai 400, sai ya koma giram 150. Ba a ƙara kaurin soso ko kaɗan ba, amma matsin ya ragu da rabi. Abin da ke kawo sauƙi ke nan: siffa da faɗi, sannan soso mai ƙarfin da zai riƙe siffar.

Jikin mutum yana zama ne a kan ƙasusuwa biyu da ke ƙasan ƙugu, kuma Allah ya halicce su don ɗaukar nauyi. Tsakaninsu kuwa akwai jijiyoyi da hanyoyin jini da ke zuwa al'aura. Likitoci sun daɗe da sanin cewa matsi mai tsawo a wannan tsakiyar yana kawo sandarewa da jin kamar ana tsira allura, musamman ga masu tseren keke da ke zama a kan siririn sirdi. Sirdin mashin da ya yi tozo a tsakiya kamar bayan jaki yana yin irin wannan aikin. Samari ba su cika faɗin wannan a majalisa ba, an fi jin ƙorafin basir. Amma duk wanda ke sauka daga mashin ya ji wurin ya mutu na ɗan lokaci, sirdinsa ya riga ya gaya masa inda matsalar take. Idan kuma abin ya ƙi wucewa bayan an sauka, ko ciwon baya ya fara gangarowa ƙafa, wannan ya wuce aikin wuƙa da gam, sai a nufi Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Yariman Bakura.

Akwai masu cewa a bar sirdi yadda kamfani ya yi shi, domin injiniyoyin Bajaj da Honda sun fi yaron unguwa sanin abin da suke yi. A kan inji da birki da firam, gaskiyarsu ce ɗari bisa ɗari. A kan sirdi kuwa maganar ba ta kai haka ba. Doguwar shimfiɗaɗɗiyar kujerar Boxer an tsara ta ne don ta karɓi kowa: dogo da gajere, direba da fasinja, wani lokacin har da buhu, kuma a farashin da kasuwa za ta iya saye. Abin da aka yi don kowa ba zai zauna wa mutum ɗaya daidai ba, kamar rigar gwanjo ce. Bayan haka soso yana tsufa. Bayan shekara biyu ko uku na rana da ruwa da nauyi, abin da ke ƙarƙashin ledar ba shi ne wanda ya fito daga kwali ba. Mai gyara shi ba ya ɓata aikin kamfani, yana maido da abin da ya riga ya tafi ne.

Wayar da ke nuna bidiyon nan tana iya yin aikin da ya fi kallo, kuma nan ne ya kamata a fara kafin a taɓa leda. A kafe mashin, mai shi ya hau ya riƙe kai kamar yana tuƙi, wani ya ɗauke shi hoto daga gefe. Hoton zai nuna abin da jiki ya saba da shi har ya daina lura: ko gwiwa ta hau sama da ƙugu, ko baya ya lanƙwashe, ko sirdin ya gangara gaba yana tura mutum kan tanki. Wannan gangarar ita ce ke sa direba ya riƙa tokare kansa da hannu, daga nan kafaɗa da wuyan hannu su ɗauka. Sai kuma a sami kwalin katan mai kauri, a ɗora a kan dakali, a zauna da ƙarfi na minti ɗaya. Za a ga lotsawa biyu. Tazarar da ke tsakaninsu, wadda ga yawancin manya takan faɗa tsakanin santimita 10 zuwa 14, ita ce awon da za a yi aiki da shi. Wurin zaman ya zarce wannan tazarar ta kowane gefe, ya kasance a shimfiɗe ko da ɗan kwari kaɗan.

Ga masu son zurfafawa, akwai manhajar phyphox, wadda Jami'ar RWTH Aachen ta Jamus ta yi, kyauta ce a Android da iPhone. Tana karanta na'urar auna motsi da ke cikin kowace wayar zamani, wadda ke juya allo idan an karkata waya. A naɗe tsohuwar waya a tsumma, a ɗaure ta a kan sirdi, a kunna awon kafin a tashi, a bi hanya ɗaya da gudu ɗaya, a tsaya sannan a duba. Waya ba na'urar ɗakin gwaji ba ce, kuma soson da ba a zauna a kai ba ba ya motsi kamar wanda ke ɗauke da mutum, don haka lambobin suna da amfani ne wajen kwatanta jiya da yau kawai. Amma sukan tona wani asiri: babbar jijjigar da ke dukan ƙashin baya daga rami da kwalbati take zuwa, kuma soso ba ya iya shanye ta. Tun 2002 Tarayyar Turai ta kafa doka kan jijjigar da ke ratsa jikin ma'aikaci, inda ta ce idan matsakaicinta a sa'a takwas ya kai mita 0.5 a daƙiƙa cikin daƙiƙa, dole mai aiki ya ɗauki mataki, ta kuma sa 1.15 a matsayin iyakar da ba a tsallakewa. Ɗan kabu-kabu ba shi da wanda zai auna masa, shi ne ma'aikacin kuma shi ne mai aikin. (A yi amfani da tsohuwar waya da gaske. A 2021 Apple ya gargaɗi masu iPhone cewa jijjigar manyan injunan babur na iya lalata na'urar da ke daidaita kyamara, ya kuma ba masu ƙananan babura shawarar sa mariƙi mai rage jijjiga.)

Shi ya sa wani lokacin sirdin ba shi da laifi. Mai faci da ke auna iska da bugun ƙafa yakan cika taya ta yi tauri kamar dutse, kuma direbobi da yawa haka suke so don ɗaukar kaya. Shokozobar da ta zubar da mai ta zama ƙarfe da waya kawai. A mashina da yawa akwai zobe mai matakala a ƙasan shokozobar baya da ake juyawa don ƙara ko rage tauri, amma da wuya a ga wanda ya taɓa shi tun ranar da aka haɗa mashin. A duba waɗannan tukuna, a sa iska daidai da abin da littafin mashin ya ce. Mutane da yawa a nan matsalarsu za ta ƙare, ba tare da sun yanka komai ba.

Idan an tabbatar sirdin ne, abu mafi hikima shi ne a nemi tsohon sirdi irin na mashin ɗin a wurin masu sayar da kayan gyara a yi gwajin a kansa, a ajiye na asali. Ranar da za a sayar da mashin, mai saye zai fi yarda da sirdin kamfani. A juya sirdin, a ciccire ƙusoshin stefula da ke riƙe da leda a hankali da sukudireba. A wasu tsofaffin mashina farantin na ƙarfe ne mai haƙora da ake lanƙwasawa, kuma haƙoran suna karyewa idan an matsa musu. A zana wurin zaman da maka a kan soso. Doguwar wuƙa mai haƙora, irin ta yanka burodi, ta fi reza, domin reza tana barin gaɓa-gaɓa. A rage tozon tsakiya, a daidaita gangarar gaba, a goge da samfefa mai kaushi. Ƙa'idar da bidiyon ba sa nunawa ita ce a cire kaɗan, kamar santimita ɗaya, a mayar da sirdin a kan mashin a lulluɓe da leda ba tare da an buga ba, a zagaya unguwa, a dawo. Soson da aka yanke ba ya komawa.

Inda ake buƙatar ƙari, kamar faɗaɗa gefe ko cike wurin da ya mutu, a nemi soson nan mai kala-kala da ake haɗawa daga gutsattsari a matse, wanda ake sa wa a katifar masu ciwon baya. Masu kujerun kushin suna da ragowarsa. Yana da nauyi a hannu, kuma idan aka danna shi da babban yatsa ba ya nutsewa har ƙasa. Shi za a sa a ƙasa, sannan a bi saman duka da siririn soso mai taushi wanda bai wuce santimita ɗaya ba, don ya ɓoye mahaɗa. A shafa gam a fuskokin biyu, a bar shi ya sha iska har ya daina kama yatsa, sannan a haɗa. A yi wannan a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu da janareta, domin tururin gam ɗin yana kama wuta kuma yana bugarwa. Gaban sirdi, wurin da ya haɗu da tanki, a bar shi siriri. Idan ya yi faɗi zai buɗe cinyoyi, ƙafa ta kasa kai wa ƙasa da kyau a wurin tsayawa, kuma a cikin yashi ko taɓon damina wannan shi ne bambancin tsayuwa da faɗuwa.

Kasuwannin intanet cike suke da abubuwan ɗorawa, kuma ya kamata a kalle su da idon mutumin Zamfara. Soson nan mai ɗaukar siffar jiki, wanda aka ƙirƙiro a shekarun 1960 don hukumar NASA ta Amurka, yana laushi ne da ɗumi. A watan Afrilu, lokacin da zafin Gusau ke kai wa digiri 40, zai saki gaba ɗaya. Matashin jel kuma yana shan zafin rana ya riƙe, mashin da aka ajiye a ƙofar banki sa'a ɗaya sai ya zama tanda. Wanda ya fi dacewa a cikinsu shi ne murfin raga mai kauri da iska ke ratsawa ta ƙasansa, shi ma sai an ɗaure shi tam. Abin mamaki, masu doguwar tafiya a babur a Ostireliya da Amurka suna biyan kuɗi masu kauri don sayen fatar tunkiya mai gashi su shimfiɗa a sirdi, saboda tana rage gumi da gogayya. Wato buzu, wanda malaman zaure ke zama a kai tun kafin a ƙera babur, kuma bayan kowace Babbar Sallah fatun suna yawo a gari. Sharaɗin shi ne a jeme shi da kyau, a yanka daidai sirdi, a sa masa maɗauri ta ƙasa, a cire shi idan hadari ya taso. Duk abin da ke zamewa a ƙarƙashin direba lokacin taka birki ya fi rashinsa haɗari, kuma haka yake ga mai shafa wa leda man ƙyalli ranar Juma'a.

Jan leda shi ne wurin da yawancin aikin gida ke tonuwa. Kafin a rufe, a shimfiɗa siririyar leda irin ta shago a kan soson, domin ruwan sama yana bi ta ramukan ɗinki, kuma soson da ya sha ruwa a watan Agusta zai yi ta jiƙa wando har kwana uku, ya ruɓe daga ciki. A shanya ledar rufin a rana ta yi laushi, a fara bugawa a gaba da baya, sannan gefe da gefe ana ja daidai. Ƙusoshin su zama gajeru, kada su huda faranti su tsaya a cikin soso suna jiran cinya. Wanda ba shi da stefula mai ƙarfi, babu abin kunya ya sassaƙa sosonsa a gida, inda yake da lokacin gwadawa, ya kai wa mai kushin ya ja masa leda. Mai kushin ya fi shi iya ɗinki, shi kuma ya fi mai kushin sanin inda ke masa ciwo. Baƙar leda ta fi kowace shan zafi, ruwan ƙasa ko ruwan toka sun fi sauƙi.

Akwai gyara iri biyu da ba su cancanci a kira su gyaran jin daɗi ba. Na farko shi ne na gayu: a fere soso har ya kusa ƙarewa don mashin ya yi kama da na bidiyon Turawa. Waɗancan ana hawansu ne rabin sa'a ranar hutu a kan kwalta mai santsi. Na biyu ya fi muni, wato a kai wa mai walda ya ƙara tsawon firam ko ya mayar da kariya wurin zama don a ɗauki mutum uku ko huɗu. Nauyin da ya koma bayan tayar baya yana sa gaba ya yi sakayau, kan mashin ya riƙa rawa, birkin gaba ya rage kamu, kuma waldar da aka yi a kan siririn bututu ba ta yin sallama ranar da za ta karye. A wannan jihar kuma akwai ƙarin dalili. Kowa ya san su wa ke hawa uku-uku a kan babur a dazukan Tsafe da Bungudu. A 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare, ta kuma jaddada haramcin hawan fiye da mutum biyu, sannan a watan Yulin 2024 Gwamna Dauda Lawal ya sa hannu kan umarnin hana zirga-zirgar babura daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe. Yaron kirki da ya iso shingen jami'an tsaro da sirdi mai tsawon benci ya jawo wa kansa tambayoyin da ba ya buƙata, a wurin da ba a cika jiran dogon bayani ba.

Wanda ake mantawa da shi a duk wannan aiki shi ne na baya. Direba yakan gyara nasa wurin ya bar fasinja a kan gaɓar soso da ƙarfen kariya, alhali ɗan kabu-kabu da fasinja yake ci, mai gida kuma iyalinsa yake ɗauka. Idan an yi wa direba kwari, kada tudun da ya rage a bayansa ya zama gangara mai turo fasinja gaba a kowane birki. A bar wurin na baya a shimfiɗe, a tabbatar ƙarin faɗin bai rufe wurin riƙewa ba, kuma babu igiya ko ragowar leda da ke lilo kusa da taya inda za ta haɗu da bakin zane ko hijabi. Bayan an ɗaure notin sirdin, a kama shi da hannu biyu a girgiza da ƙarfi, a leƙa ƙasa a ga bai danne wata waya ba. Gwajin farko a yi shi cikin gari, na biyu zuwa Bungudu a dawo, da makan a aljihu don a yi alama a wurin da ya fara damu.